Jagorar fara wasan Zelda a kan Switch, ga mai zaune a Kebbi

Na'urar Nintendo Switch ba ta yi yawa a wajenmu ba, amma ta fara shigowa. Wani yayansa ne ya aiko masa daga Abuja, wani ya sayi ta hannu a Kano, wani ɗalibi ya dawo da ita daga karatu. Wanda duk ta shiga hannunsa, wasan da ake fara ce masa ya nema shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda ya fito rana ɗaya da na'urar, 3 ga Maris 2017. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke ajiye shi tun ba su kai ga daɗinsa ba: caji ya ƙare ana tsakiyar faɗa, takobi ya karye, sanyi ya kashe Link, yaron da kake sarrafawa a wasan, a kan dutse, ga Turanci. Kowanne daga cikin waɗannan yana da magani, kuma maganin kusan iri ɗaya ne, wato ka shirya kafin ka taka. Wasa ne da yake saka wa mai guzuri, ba mai gaggawa ba.

Ka san na'urar da ke hannunka

Switch ba iri ɗaya ba ce, kuma bambancin da ya fi shafarmu shi ne batir. Ta farko, ta 2017, tana ɗaukar wannan wasa kimanin awa 3. Wadda aka sabunta a 2019, ko da yake kamarsu ɗaya a ido, tana kai awa 5 da rabi, haka ma mai gilashin OLED ta 2021. Ƙaramar, Switch Lite, tana yin kusan awa 4, sai dai ba a haɗa ta da talabijin kuma hannuwanta ba sa cirewa. Wannan lissafin sabon batir ne. Ta hannu za ta gaza haka. Ka duba lambar da ke gefen ƙasan na'urar: in ta fara da XA tsohuwa ce, XK sabuntacciya, XT kuwa OLED. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, awa biyu da rabin nan da ke tsakanin XA da XK sun cancanci ƙarin kuɗi.

In ta hannu za ka saya, musamman wadda za a ba direba a tasha ya kawo maka, ka sa wani naka ya gwada ta kafin a biya. Ya shiga saituna, wurin daidaita sandunan juyawa, ya ɗauke yatsansa: in alamar tana motsi da kanta, sandar ta fara lalacewa, kuma a wasan za ka ga yaron yana tafiya ba ka tura shi ba, har ya faɗa rami. Ya haɗa ta da intanet ɗin waya ya ga ko tana shiga, don wadda aka yi wa kutse kamfanin kan toshe ta. Ya kuma tabbatar ba a bar mata lambar sirrin iyaye a kulle ba.

Wasan kansa, ka nemi na kati. Saukewa ta intanet yana cin fiye da gigabait 13, ga tsadar data, ga shi na'urar gigabait 32 kawai gare ta, in ban da OLED mai 64. Katin Amurka, na Turai ko na Japan duk suna aiki a kowace. Da zarar ka saka shi ba ka bukatar intanet ko kaɗan. Katin ƙarami ne ƙwarai. An shafa masa abu mai ɗaci da gangan don kada yara su haɗiye, duk da haka a ajiye shi nesa da su.

Wuta, zafi da ƙura

Kamfanin ya ce a yi amfani da na'urar tsakanin digiri 5 zuwa 35. Wanda ya san Birnin Kebbi, Argungu ko Jega daga Maris zuwa Mayu ya san rana tana wuce 40. Don haka a bazara kada ka yi wasa da tsakar rana a ɗakin kwano, kada ka bar ta a mota ko a aljihun babur, kada ka ɗora ta kan katifa tana caji, domin ramukan shaƙar iskarta suna baya, na fitarwa a sama. In ta yi zafi sosai tana kashe kanta ta shiga barci. Ka bar ta ta huce a inuwa, ba a firij ba. Bayan isha'i ko da sassafe ya fi mata, ya kuma fi maka.

Da hunturu matsalar ƙura ce. Ita ce ke shiga ƙarƙashin sandunan ta jawo motsin nan. Ka saya mata jaka mai zif, ka rufe murfin kati kullum, ka share ramukan iska da busasshen buroshi mai laushi.

Wajen caji, cajarta ta asali ta fi komai. In za ka kai wa mai cajin waya ko ka jona da janareto, tafi da taka, kada a cusa mata kowace iri. Cika ta yana ɗaukar kusan awa 3 in tana barci. Fawa-banki mai bakin USB-C da ke caji da sauri yana iya cika ta kana wasa; mai rauni zai rage saurin zubewar batir ne kawai. Sai dabara biyu da ke ƙara maka lokaci kyauta: danne maɓallin gida na ɗan lokaci, ƙaramin allo zai fito, ka rage haske, ka kunna yanayin jirgin sama. Ka kuma saba adana wasanka da hannu da maɓallin +, duk da cewa yana adanawa da kansa lokaci zuwa lokaci. In ku biyu ne a gida, kowa ya buɗe sunansa a na'urar, don wanda ya fara sabon wasa da sunan wani zai shafe masa tafiyarsa.

Kafin a miƙa wa yaro

Labarin ƙagagge ne: wani saurayi mai suna Link ya farka bayan barcin shekara 100 a ƙasar Hyrule, wadda dodo Ganon ya rusa, gimbiya Zelda kuma tana riƙe da dodon a cikin fada. Babu zubar da jini a fili, kuma a Turai an ƙayyade shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Amma akwai abin da ya kamata uba ko uwa su sani tun farko: ƙarin ƙarfi a wasan ana karɓarsa ne a gaban wani mutum-mutumi da labarin ya ɗauka a matsayin abin bautar mutanen ƙasar, akwai kuma tsafi da aljanu irin na tatsuniya. Na faɗa ne don kowa ya yanke wa gidansa hukunci da saninsa. In an yarda yaro ya yi, a zauna da shi a yi masa bayani, a kuma sa masa lokaci. Na'urar tana da manhajar waya ta iyaye da ke ƙayyade awannin wasa.

Tudun farko, inda ake koyon komai

Za ka farka a wani ɗaki mai duhu, a ba ka wani allo mai ido a jikinsa. Shi ne taswirarka, madubin hangen nesanka, kuma mabuɗin kowace ƙofa. Buɗe akwatunan da ke gaba ka sa riga da wando, ka fita. Inda ka fito wani babban tudu ne da aka yanke daga sauran ƙasar, ba ka iya sauka sai ka gama da shi. Mutane suna ɗokin barinsa. Ni shawarata ka daɗe a nan. Duk abin da zai kashe ka a gaba akwai ƙaraminsa a tudun.

Maɓallan da za ka haddace ba su da yawa: Y sara, X tsalle, B gudu, A ɗauka ko magana, ZL ɗaga garkuwa da kafa ido kan abokin faɗa, ZR harbi da baka, R jifa da makami, L aiki da ikon allo. Hawa kuwa ba ya bukatar maɓalli, ka dai nufi bango ko dutse ko itace. Ka lura da koren zoben da ke fitowa gefen yaron, shi ne numfashinsa. Gudu, hawa, iyo da shawagi duk daga nan suke ci. In ya ƙare a kan dutse ka faɗo, in a ruwa ne ka nutse.

Gangara wurin tsohon da ke zaune gefen wuta, ka ɗauki gatari da bakin wutar da ke kusa, ka tsinci tuffa da laimar kwaɗi duk inda ka gani. Bi ɗigon rawaya a taswira ka ɗora allo a kan dutsen da ke wurin. Hasumiya za ta taso da kai sama, taswirar yankin ta buɗe. Hasumiyoyi 15 ne a wasan. Kada ka sauka da wuri. Danna sandar dama ka duba ko'ina, duk ginin da ka ga yana haske ruwan lemo ka sa masa alama. Waɗannan su ne ɗakunan gwaji, 120 ne gaba ɗaya, huɗu suna kan tudun, kuma tsohon ba zai ba ka lemar shawagi ba sai ka gama huɗun.

Na kusa da hasumiya, Oman Au, yana ba ka maganaɗisu mai ɗaga ƙarfe. Ja Baij yana cikin kangon gabas kuma yana ba ka bam iri biyu da ba sa ƙarewa. A kangon akwai tsofaffin injina masu ido ɗaya da ke harba wuta, in ka ga jan layi a jikinka ka ɓuya bayan bango, kada ka gwada faɗa. Owa Daim yana kan tsauni bayan bukkar tsohon: sare itacen da ke bakin ramin ya faɗi ya zama gada, ka hau dutsen kana hutawa a kowane tudun da ƙafa za ta iya tsayawa har zoben ya cika. Can za ka sami ikon tsayar da abu cak.

Na huɗu, Keh Namut, shi ne ke korar mutane, domin yana cikin dusar ƙanƙara kuma sanyi yana cin zukatan yaron, wato ma'aunin ransa, ɗaya bayan ɗaya. Hanya mafi sauƙi: tsinki jan barkonon da ke tsirowa kusa da bukkar tsohon da bakin ƙofar yankin sanyi, ka dafa biyar a tukunya, za ka sami minti 12 da rabi na kariya. Ka dafa kashi biyu, kada ka ci sai ka shiga sanyin. Riƙe bakin wuta mai ci ma yana ɗumama shi. Wanda ke son riga ta dindindin ya dafa barkono da ɗanyen nama da kifin da ake kamawa a tafkunan tudun, ya kai wa tsohon, zai ba shi rigar sanyi. Kogin da ke yankin kada ka kuskura ka shiga. A wannan ɗaki za ka sami ikon tayar da ginshiƙin ƙanƙara a kan ruwa.

Kowane ɗaki yana ba ka ƙwallon haske ɗaya, huɗu kuma suna sayen zuciya ɗaya ko ƙarin numfashi a gaban mutum-mutumin nan. Ga mai farawa, zuciya biyu ko uku tukuna, sannan numfashi. In ka canza ra'ayi, akwai mai musanya su a ƙauyen Hateno kan ɗan kuɗi kaɗan. Ka hau rufin tsohon ginin da ke tsakiyar tudun, tsohon zai faɗa maka ko shi wane ne, ya miƙa maka lemar.

Tukunya ta fi takobi

Wasan ba ya koya girki a fili, alhali shi ne rabin nasara. Buɗe jakarka, zaɓi kayan abinci har biyar ka riƙe a hannu, ka tsaya gaban tukunyar da wuta ke ci a ƙarƙashinta ka zuba. In wutar ta mutu, ajiye itace da dutsen ƙyastu ka sara da makamin ƙarfe. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: kada ka haɗa abu biyu masu amfani daban, misali mai maganin sanyi da mai ƙara numfashi, domin suna kashe juna. Ƙwari da kwaɗi da ƙadangaru ba a haɗa su da abinci, da gaɓoɓin dodanni ake dafa su su zama magani. Duk wani abu da ka ga bayaninsa yana maganar ƙarin zukata, dafa shi shi kaɗai, ƙwaya ɗaya a tukunya. Yana cika maka zukata duka har da ƙari. Irinsa sun fi yawa a dajin Faron da ke kudu. Ana iya cin abinci ana tsakiyar faɗa, wasan yana tsayawa ya jira ka, saboda haka mai jaka cike da dafaffe da wuya ya mutu. Dafaffen nama kuma yana da tsada in ka sayar, shi da duwatsu masu daraja da ake fasowa daga baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli.

Makamin da ke karyewa

Kusan kowane makami a wasan yana karyewa, kuma wannan ne ke ɓata wa sababbi rai. Ka ɗauke shi kamar ƙotar fartanya da damina: manomi ba ya baƙin ciki don ta karye, ya dai san ba a zuwa gona da ɗaya. Yi amfani da mai kyau, kada ka yi ta ɓoyonsa. Wanda ka kayar zai bar maka nasa. In makami ya fara walƙiya ja a jaka, jefa shi da R, bugun da ya karye a kai ninki biyu yake yi. Itace da duwatsu ka bar wa bam. Maƙiyan da ke barci da dare, danna sandar hagu ka durƙusa, ka lallaɓa ta baya, sara ɗaya ya kan isa. Kibiya a kai ta kai biyu a jiki, in kuma ka ja baka kana cikin iska lokaci yana tafiya a hankali.

Dabara biyu ne ke raba gwani da ɗan koyo. Riƙe ZL ka yi tsalle gefe ko baya daidai lokacin da aka kawo maka sara, za a ba ka damar yi masa ruwan sara. Ko ka danna A da garkuwa a ɗage daidai lokacin da bugun ya iso, ka mayar masa. Da wannan ake mayar wa injinan nan wutarsu. Ɗakin gwajin da ke saman ƙauyen Kakariko yana koyar da duka biyun, kada ka wuce shi.

Yanayi ma abokin faɗa ne. Ruwan sama yana sa dutse santsi, ka nemi inuwar dutse ka hura wuta ka zauna har safe. In ana tsawa ka cire duk wani ƙarfe daga jikin yaron. In wata ya yi ja da tsakar dare, dodannin da ka kashe duk sun dawo.

Bayan ka sauka

Yanzu kana iya zuwa ko'ina, har fadar Ganon kai tsaye, amma ka bi gabas. Nufi tsaunukan nan biyu masu kama da an tsaga su, ka hau hasumiyarsu, ka bi kogin da ya ratsa tsakiya. Ɗakin gwajin Ree Dahee da ke cikin tsagar yana da ɗankwalin da ke ƙara saurin hawa. Kowane ɗaki ka gani, ko ba za ka shiga ba, ka taɓa allon ƙofarsa, domin daga nan ya zama wurin da za ka iya dawowa nan take ta taswira.

Bayan tsagar akwai barga, dawakai kuma suna kiwo a filin. Lallaɓa ta baya ka hau, ka yi ta danna L kana rarrashi. Mai dabbare-dabbare ya fi sauƙin kai, mai launi ɗaya ya fi gudu amma yana bukatar numfashi mai yawa. Kai shi barga a yi masa rajista da kuɗin wasan 20, a ɗaura masa sirdi da linzami. A bargar za ka ga ɗan koli mai katuwar jaka, wurinsa ake sayen kibau.

A hanyar Kakariko za ka haɗu da Hestu, wani dogon halitta mai kama da itace. Ƙwato masa kayan kiɗansa daga dodannin da ke gaba, daga nan zai riƙa faɗaɗa maka jaka da ƙwayoyin irin da kake samu a wurin ƙananan halittun da ke ɓoye ƙarƙashin duwatsu da kan itatuwa. Guda 900 ne, ba a bukatar tara su duka. Fara da faɗaɗa wurin makamai. A Kakariko ka ga tsohuwa Impa, ita za ta tura ka Hateno wurin Purah mai bincike a gyara maka allo. A Hateno akwai ɗakin gwajin da ake juya na'urar gaba ɗaya don gangara ƙwallo. A hannu yana da wuya, in taka mai cirewa ce ka cire hannuwan ka tsayar da gilashin a ƙasa.

Game da Turanci, kada ya tsorata ka. Kalmomin da ke da muhimmanci a zance ana rubuta su da launi daban, kuma jerin ayyuka a maɓallin + yana sa maka ɗigo a taswira. Saboda batir kuma, ka riƙa ba kowane zama aiki ɗaya: yau hasumiya, gobe ɗaki biyu, jibi farauta da girki.

Manyan injina huɗu da takobin

Impa za ta ce ka ƙwato injina huɗu masu siffar dabbobi. Fara da giwa, Vah Ruta, a ƙasar mutanen ruwa da ke gabas. Hanyar ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, maƙiyan kuma suna harbi da lantarki, don haka bi hanya, kada ka ce za ka hau dutse. Za a ce ka tara kibau 20 na lantarki a kan tsaunin da wani dodo rabi zaki rabi doki yake. Ba faɗa aka aike ka ba, lallaɓa ka zare su daga itatuwa ka sauka. Ladan giwar shi ne ikon da ke tayar da kai in zukatanka sun ƙare. Sai tsuntsu, Vah Medoh, a arewa maso yamma: sayi kayan sanyi a ƙauyensu, ladan kuma iska ce da ke cilla ka sama, wadda ke sauƙaƙa duk wani hawa bayan haka. Ƙadangare, Vah Rudania, yana kan dutsen wuta. Sayi maganin hana ƙonewa a bargar da ke gindinsa, ka cire makaman itace. Raƙumi, Vah Naboris, a hamadar kudu maso yamma, ka bar shi ƙarshe, dodonsa ya fi sauran sauri. A kowane inji fara neman taswirarsa, domin da ita ake juya sassan jikinsa.

Takobin da ba ya karyewa, sai dai ya gaji ya huta minti 10, yana cikin dajin da ke arewa da fada. Hazo ne ke ɓatar da mutum a can: kunna bakin wuta ka tsaya, ka bi inda iska ke kai tartsatsin. Ba ya zaruwa sai kana da zukata 13 na gaske, na abinci ba sa shiga lissafi. Da uku ka fara, injina huɗu suna ba ka huɗu, saura shida kuwa ɗakunan gwaji 24 ne in duk ka zuba su a zuciya. Da injinan huɗu a hannunka, za su cinye rabin ran Ganon kafin ka ɗaga takobi. Ranar da za ka shiga fadar ka cika batir, ka cika jaka da dafaffen abinci, ka tanadi garkuwa uku ko huɗu masu ƙarfi, ka kuma adana wasan da hannu a bakin ƙofa.